Yadda ake lissafa kumburin haidirojel kafin a mai da shi na'urar awon sinadaran jiki

Haidirojel wata saƙa ce ta dogayen sarƙoƙin folima (sinadari mai ƙwayoyi jere kamar sarƙa) da aka ƙulle su da juna nan da can. Idan ka jefa shi cikin ruwa sai ya sha ya kumbura, amma ba ya narkewa, domin ƙulle-ƙullen sun riƙe sarƙoƙin. A 1960 Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka wallafa aikinsu a kan jel ɗin da daga baya aka yi tabarau mai laushi da shi, irin wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. A 1978 kuma Toyoichi Tanaka na jami'ar MIT a Amurka ya nuna cewa jel yana iya motsewa farat ɗaya, girmansa ya ragu ninki-ninki, saboda ɗan canji kaɗan a ruwan da yake ciki. Daga nan masu ƙera na'urorin awo suka samu kafa. In har za a iya sa jel ya kumbura saboda sukari, ko tsami, ko wani furotin, to wanda ya auna girman jel ɗin ya auna abin da ke cikin jini ko hawaye.

Wannan jagorar ta wanda yake da jel a ɗakin gwaji ce, yana son lissafin da zai gaya masa yadda jel ɗin zai yi tun kafin ya ƙera na'urar. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka buɗe babbar manhajar kwaikwayo tukuna. Takarda da biro da ɗan gajeren shirin Python sun isa su amsa yawancin tambayoyin da ke kashe na'ura ko raya ta, muddin ka yi lissafin a irin ruwan da na'urar za ta zauna, kuma a irin matsewar da jel ɗin zai samu kansa a ciki.

Mataki na 1: Rubuta abin da na'urar za ta karanta, da inda za ta zauna

Na'ura ba ta ganin kumburi haka siddan. Wani abu take karantawa, kuma galibi ɗaya ne cikin uku. Ko dai launi, kamar jel ɗin da John Holtz da Sanford Asher suka bayyana a 1997 a Jami'ar Pittsburgh, wanda aka jera ƙananan ƙwayoyi a cikinsa, idan ya kumbura tazarar ƙwayoyin ta ƙaru sai launin hasken da yake mayarwa ya karkata zuwa ja. Ko kauri, idan siririn shimfiɗe ne manne da gilashi. Ko kuma matsi, idan an kulle jel ɗin a ƙaramin ɗaki tsakanin marfi mai ƙananan huda da fatar silikon mai jin matsi, irin aikin da ƙungiyar Gerald Gerlach ta daɗe tana yi a Dresden ta Jamus.

Sai ka rubuta yanayin wurin. Idan jini ne ko ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki, zafi digiri 37 ne, pH (ma'aunin tsami) tsakanin 7.35 da 7.45, gishiri kusan milimol 150 a lita, wato 150 mM. Gulukos ɗin mai lafiya da bai ci abinci ba yana kusa da 4 zuwa 5.5 mM, na mai ciwon sukari kuwa yana iya haura 20. Manna waɗannan alƙaluma a bango, don kowane mataki zai dawo kansu.

Mataki na 2: Fara da jel marar caji

Tushen komai shi ne ƙa'idar da Paul Flory da John Rehner suka kafa a 1943. Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja. Folima tana son cakuɗuwa da ruwa, wannan yana jawo ruwa ciki. Raga kuma, wato saƙar sarƙoƙin, idan ta miƙe tana son komawa, wannan yana matse ruwan waje. Jel yana tsayawa ne inda biyun suka yi kunnen doki.

Bari φ ya zama kason folima a cikin girman jel, φ₀ kuma kasonta a lokacin da aka haɗa jel ɗin. Matsin cakuɗa shi ne:

Π₁ = −(RT/V) × [ln(1 − φ) + φ + χφ²]

Matsin raga kuma, ga jel da ke kumbura ta kowane ɓangare ba tare da wani abu ya tare shi ba:

Π₂ = −νRT × [(φ/φ₀)^(1/3) − φ/(2φ₀)]

V girman mol ɗaya ne na ruwa, santimita kubik 18. R adadin iskar gas ne da ba ya canjawa, T kuma zafi a ma'aunin Kelbin. A digiri 37, RT ya kai kusan jul 2,577 a kowane mol, saboda haka RT/V ya kai kusan megafaskal 143. Harafin ν yawan sarƙoƙin da ke ɗaukar nauyi ne a kowace mita kubik, χ kuma ma'aunin jituwar folima da ruwa ne: ƙasa da 0.5 suna ɗasawa, sama da haka folima ta fara gudun ruwa.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Ɗauki φ₀ = 0.05, ν = mol 4 a mita kubik, χ = 0.48. Nemo φ inda Π₁ + Π₂ = 0. Aikin brentq da ke cikin SciPy, kundin lissafi na Python, zai ba ka amsa cikin ƙiftawar ido, amma gara ka gwada da hannu sau ɗaya don ka ji nauyin kowane ɓangare. A φ = 0.05 matsin cakuɗa kusan kilofaskal 13 ne, na raga 5 da ɗoriya, don haka ruwa zai shiga. A φ = 0.035 duka biyun sun haɗu a kusan kilofaskal 5.6. Jel ɗin ya tsaya ke nan, girmansa ya ninka na ranar haɗi sau 1.4.

Yanzu mai da χ ya zama 0.50, kada ka taɓa komai. Amsar ta koma φ = 0.047. Canjin 0.02 kacal ya cinye kusan rubu'in girman jel ɗin. Dalilin shi ne wancan megafaskal 143 da ke gaban baka: duk ƙanƙantar abin da ya ninka sai ya zama babba. Shi ya sa ba na yarda a kwafo χ daga littafi a zuba a lissafi. Idan kuma jel ɗinka na PNIPAM ne, folima mai jin zafi, wanda ke motsewa a kusan digiri 32, dole χ ya dogara da zafi da kuma φ kansa, in ba haka ba lissafin ba zai taɓa nuna motsewar farat ɗaya ba.

Mataki na 3: Auna kowane adadi da gwajinsa daban

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki zanen kumburi guda ɗaya a bar kwamfuta ta zaɓo ν da χ da yawan caji duk a lokaci guda. Layin zai bi ɗigogin tsaf, amma alƙaluman ba su da ma'ana, domin ƙara ν da ƙara χ duk abu ɗaya suke yi wa zanen, wato rage kumburi. Haɗi goma mabambanta za su ba ka layi iri ɗaya, kuma ranar da ka canja yanayi kowannensu zai yi hasashen kansa.

Bi wannan jerin. φ₀ yana fitowa daga abin da ka zuba lokacin haɗi, bayan ka wanke jel ɗin ka busar ka ga nawa ne ya shiga raga da gaske. ν yana fitowa daga taurin jel: matsa shi ko murɗa shi a na'urar awon tauri jim kaɗan bayan haɗi, ka samu adadin taurinsa, G, sannan G ≈ νRT. A misalinmu G kusan kilofaskal 10 ne. Kada ka lissafa ν daga yawan sinadarin ƙulli da ka zuba, domin da yawa daga cikinsa yana ƙarewa ne a madaukai da sarƙoƙi masu reto waɗanda ba sa ɗaukar nauyin komai, kuma ainihin adadin yakan yi ƙasa da na takarda sosai. Da ν a hannu, sai ka auna kumburi a yanayin da jel ɗin ba shi da caji, misali a pH mai tsami sosai idan asid akirilik ne a ciki. Abu ɗaya ya rage da ba a sani ba, χ, sai ka warware shi. Yawan rukunan da ke ɗaukar caji kuma titireshan ne zai ba ka shi, wato ɗiga asid ko kishiyarsa kaɗan-kaɗan ana auna pH.

Mataki na 4: Shigo da caji da gishiri

A nan gizo ke saƙa. Yawancin jel masu amsa sinadarai suna kumbura ne saboda wasu rukunai da ke jikin sarƙa sun ɗauki caji. Cajin ba ya iya fita tunda a ɗaure yake, don haka sai ya riƙe ayon (ƙwayoyi masu caji da ke yawo a ruwa) masu kishiyar caji a cikin jel. Ayon suka yi yawa a ciki fiye da waje, ruwa ya biyo su. Frederick Donnan ne ya bayyana wannan daidaito a 1911. Ga gishiri mai caji ɗaya-ɗaya irin sodiyam kulorayid:

Π₃ = RT × [√(c² + 4s²) − 2s]

A nan c yawan cajin da ke ɗaure ne a cikin jel, s kuma yawan gishirin waje. Abin sauƙi shi ne 1 mM daidai yake da mol 1 a mita kubik, don haka amsa za ta fito a faskal kai tsaye. Ka tuna c yana raguwa idan jel ya kumbura: c = c₀ × φ/φ₀, inda c₀ yawan cajin ne a girman ranar haɗi.

Gwada c = 50 mM. A ruwan da gishirinsa 1 mM ne, Π₃ ya kai kusan kilofaskal 124. A 150 mM kuwa, 10.7 kawai. Caji iri ɗaya, jel iri ɗaya, amma gishiri ya cinye fiye da kashi tara cikin goma na ƙarfin. Idan ka haɗa duka ukun ka warware Π₁ + Π₂ + Π₃ = 0 da c₀ = 50 mM, a ruwa mai 1 mM jel ɗin zai ninka girmansa na marar caji fiye da sau 12. A 150 mM, φ zai tsaya a 0.026, ƙarin girma kashi 35 cikin ɗari ke nan, tsayi kuma kashi 10 kacal.

Ni kaina a nan na yi asarar watanni a farkon aikina. Na auna jel mai asid akirilik a ruwan da aka tace, ƙaramin faifai ya cika kwanon gwaji, lissafina ya bi shi daidai, na ɗauka aiki ya kammala. Ranar da na mai da shi cikin PBS, ruwan gishirin gwaji mai 137 mM na sodiyam kulorayid, da kyar na ga bambanci da ido. Lissafin bai yi ƙarya ba, ni ne ban tambaye shi abin da zai faru a ruwan jiki ba, alhali layi ɗaya ne zan canja.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. pH na cikin jel ba ɗaya yake da na waje ba, domin ayon ɗin haidirojin ma yana bin rabon Donnan kamar sodiyam. Rabon shi ne [c/2 + √(c²/4 + s²)]/s. Da c = 50 da s = 150, rabon 1.18 ne, wato pH na ciki ya yi ƙasa da na waje da 0.07 kawai. Da s = 1 kuwa rabon 50 ne, bambancin ya kai 1.7. Wannan ne ya sa jel mai asid akirilik, duk da pKa na asid ɗin, wato pH ɗin da rabin rukunansa ke ɗaukar caji, yana kusa da 4.25, yakan jira sai pH ya haura haka sosai kafin ya kumbura a ruwa marar gishiri. Tunda c ya dogara da pH na ciki, pH na ciki kuma ya dogara da c, sai ka warware su tare: a cikin kowane gwajin φ, yi ƙaramin zagaye har c ya daina motsi.

Idan lissafi ya nuna jel zai miƙe sau uku ko fiye a tsayi, kada ka amince da Π₂ na sama. An gina shi a kan zaton sarƙa ba ta kusa miƙewa iyakarta ba. Sai ka koma siffar da ke lura da iyakar sarƙa, irin ta Gent ko ta Arruda da Boyce. A ruwan jiki da wuya ka kai nan.

Mataki na 5: Haɗa sinadarin da ake nema da cajin ko ƙullin

Zuwa yanzu ba mu ambaci abin da ake son ganowa ba. Yana shiga lissafi ne ta ƙofa ɗaya cikin uku: ya canja c, ko ya canja ν, ko ya canja χ. Aikinka shi ne gane ƙofar.

Ɗauki asid fenilboronik, wanda ƙungiyar Kazunori Kataoka a Japan ta yi amfani da shi a jel mai amsa gulukos a 1998. Yana zama a siffa biyu, marar caji da mai caji, kuma gulukos ya fi kama mai cajin ya riƙe shi a haka. Saboda haka ƙarin sukari yana nufin ƙarin caji. Bari a = 10^(pH − pKa) × (1 + K × G), inda G a nan yawan gulukos ne a mol a lita, ba taurin Mataki na 3 ba, K kuma ƙarfin kamunsa ga siffa mai caji. Kason rukunan da ke da caji shi ne a/(1 + a).

Ga asid fenilboronik tsura, pKa yana kusa da 8.8, K kuma kusan 110 ga kowane mol a lita, kamar yadda Lorand da Edwards suka auna a 1959. A pH 7.4, babu sukari, kashi 4 cikin ɗari ne ke da caji. A 5 mM ya zama kashi 6, a 20 mM kashi 11. Ko da ka cusa 200 mM na rukunan boron, wato na asid fenilboronik, a jel ɗin, c zai tashi ne daga kusan 8 zuwa 12 zuwa 23 mM, matsin Donnan a ruwan jiki kuma daga kilofaskal 0.25 zuwa 0.6 zuwa 2.2. Ka kwatanta da kilofaskal 5.6 da raga ke riƙe da shi, za ka ga alamar ta yi rauni daidai inda aka fi buƙatarta, wato a ƙaramin sukari. Yanzu sauke pKa zuwa 7.4, abin da masu haɗa sinadarai ke kusanta ta hanyar liƙa fulorin ko wani rukuni mai jan elektiron a jikin zoben ƙwayar asid ɗin. Idan K bai canja ba, kason zai zama kashi 50, 61 da 76. Tunda a gishiri mai yawa Π₃ yana tafiya ne da c ninki c, wannan sauyin ya fi duk wani gyaran siffar na'ura tasiri, kuma minti biyar ya isa ka gano shi.

Sai dai gulukos yana da wata dabara. Ƙwaya ɗaya tana iya kama boron biyu a sarƙoƙi daban, ta zama sabon ƙulli. A nan ν ne ke ƙaruwa, jel ya motse maimakon ya kumbura. Idan sukari ya ƙara yawa, kowane boron ya samu nasa, ƙulle-ƙullen su warware, jel ya sake buɗewa. Zanen sai ya sauka sannan ya hau, ma'ana girma ɗaya yana iya nufin adadin sukari biyu mabambanta, abin da ke da haɗari ga mai ciwon sukari. Idan gwajinka ya nuna motsewa a ƙaramin sukari, ƙara daidaito na biyu na kamun boron biyu, ka rubuta ν = ν₀ + 2 × yawan sabbin ƙulle-ƙulle, sannan ka tabbatar duk zangon 3 zuwa 20 mM ya faɗa a gefe ɗaya na kwarin.

Hanyar enzayim daban take. Gulukos oksides yana mai da gulukos asid gulukonik da haidirojin feroksayid, asid ɗin ya sauke pH na ciki, jel mai jin pH ya amsa. Wannan ba daidaito ba ne, aiki ne mai ci gaba, don haka dole lissafin ya haɗa bazuwa da saurin aikin enzayim. Kuma dole iskar oksijin ta shiga a matsayin abu na biyu da ake ci. Ruwan da ya ƙoshi da iska a digiri 37 yana ɗauke da kusan 0.2 mM na oksijin kawai, gulukos kuwa 5 mM ne ko fiye. Oksijin ne zai fara ƙarewa a tsakiyar jel, alamar ta daina hawa tun sukari bai kai ko'ina ba. Sa katales, wani enzayim, yana dawo da rabin oksijin ɗin daga feroksayid. Kada kuma ka manta bayikabonet na jini, kusan 24 mM, wanda ke shanye asid ɗin da enzayim ke samarwa.

Jel mai antibodi (furotin garkuwar jiki da ke kama wani abu takamaimai, wato antijen), irin wanda Takashi Miyata da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, ta ƙofar ν yake bi: antijen da antibodi da ke ɗaure a sarƙoƙi suna zama ƙulli, antijen na waje ya zo ya ƙwace wurin, ƙulli ya ragu, jel ya kumbura.

Mataki na 6: Mai da kumburi abin da na'ura ke gani

Koma Mataki na 1. Idan jel ɗin a sake yake, tsayi yana tafiya da tushe na uku na girma. A misalinmu tsayi ya ƙaru da kashi 10 da ɗoriya, kuma tunda a ƙa'idar Bragg tsawon zangon hasken da ake mayarwa yana bin tazarar jere, haske mai nanomita 550 zai koma kusan 608, kore ya zama ruwan lemo. Ma'aunin karya haske na jel yana ɗan sauka idan ruwa ya ƙaru, amma a jel mai ruwa sama da kashi 95 wannan gyara kaɗan ne.

Idan kuwa shimfiɗe ne manne da gilashi, ba shi da hanyar faɗaɗa gefe, sama kawai zai tashi. Sai Π₂ ya zama:

Π₂ = −νRT × [φ₀/φ − φ/(2φ₀)]

Warware da alƙalumanmu na ɗazu. Marar caji zai tsaya a φ = 0.041, mai caji a 0.035. Girma ya ƙaru da kashi 17 kawai, rabin na jel sakakke. Amma duk wannan ƙarin a kauri ya tafi, don haka kauri ya ƙaru da kashi 17 maimakon 10. Haske mai nanomita 550 zai kai kusan 640. Ashe manne jel da gilashi yana rage kumburi amma yana ƙara alama, in dai jeren da ke mayar da haske a kwance yake. Wanda ya yi amfani da ƙa'idar jel sakakke a kan shimfiɗe zai yi kuskuren nanomita talatin ba tare da ya san daga ina ya fito ba.

Na'urar matsi ta fi sauƙi. Girma ba ya canjawa, φ yana nan a inda aka kulle shi, abin da fatar silikon ke ji shi ne jimillar matsin da ya rage. Idan an kulle jel ɗinmu a φ₀, shigowar caji 50 mM za ta ƙara kilofaskal 10.7 ɗin nan da muka lissafa.

Mataki na 7: Lokaci

Na'urar da ke ba da amsa daidai bayan awa biyu ba ta da amfani ga wanda sukarinsa ke faɗuwa. Agogo uku ne ke gudu: shigar sinadarin cikin jel, kamuwarsa, da motsin ragar kanta. Wanda ya fi jinkiri shi ne ke mulki.

Na raga, Tanaka da Fillmore sun nuna a 1979 cewa ƙwallon jel mai radiyos r yana kai wa daidaito cikin lokaci τ = r²/(π²D), inda D ma'aunin saurin bazuwar raga ne, kuma sun samu D kusan 3 × 10⁻⁷ santimita sikwaya a daƙiƙa ga jel ɗin foliakirilamayid. Radiyos milimita ɗaya zai ci kusan minti 56. Maikiromita 100, daƙiƙa 34. Maikiromita 10, sulusin daƙiƙa. Ga shimfiɗe mai kauri h da ruwa ke shiga ta fuska ɗaya, τ = 4h²/(π²D), wato maikiromita 100 zai ci fiye da minti biyu. Rage kauri rabi yana rage jira zuwa rubu'i. Naka D ka samo shi daga gwaji: ɗauki hoton jel lokaci-lokaci, ka zana logarizim na tazarar da ta rage kafin daidaito, gangaren wutsiyar layin zai ba ka τ.

Gulukos yana bazuwa a ruwa da D na kusan 6.7 × 10⁻⁶ santimita sikwaya a daƙiƙa a digiri 25, sau ashirin fiye da raga, don haka a ido ba shi ne matsala ba. Amma kowane rukunin da ke kama shi a hanya yana rage masa gudu. A ƙaramin adadi, raba D da (1 + K × B), inda B yawan wuraren kamu ne, K kuma ƙarfin kamu a pH ɗin da ake aiki. Ga boron tsura a pH 7.4, K kusan 4.6 ne, da B = 0.2 mol a lita saurin ya ragu rabi kawai. Ga antibodi mai K na 10⁹ da B na maikiromol 10 a lita, ragin sau dubu goma ne. Ƙari a kan haka, antibodi na IgG ya kai kusan nanomita 10, kusan faɗin ramukan ragar jel da yawa, don haka furotin masu irin wannan girma da kyar suke kutsawa. Jel mai jin pH ma haka yake: rukunan asid na ciki suna shanye ayon ɗin haidirojin, shi ya sa yake saurin amsawa a ruwa mai bafa (sinadarin da ke hana pH canjawa) da yawa, domin ƙwayoyin bafar ne ke yi masa dako. Saka bafar a lissafi da ainihin yawanta.

Auna hawa da sauka daban-daban. PNIPAM da aka ɗumama da gaggawa yakan yi fata mai tauri a waje wadda ke tsare ruwan ciki, sai motsewa ta ɗauki lokacin da τ guda ba zai bayyana ba.

Mataki na 8: Sai yanzu babbar manhaja, in akwai buƙata

Idan siffar na'urar tana da kusurwa, ko jel yana lanƙwasa wani abu, ko kana tsoron shimfiɗen zai yamutse ya ɓare daga gilashi, to lokacin FEM ya yi, wato raba jiki ƙananan gutsattsari a warware kowanne. Tsarin da aka fi bi shi ne na Hong, Zhao, Zhou da Suo na 2008, wanda ya haɗa bazuwar ruwa da babban sauyin siffa, sai faɗaɗawar da Marcombe da abokansa suka yi masa a 2010 don jel mai jin pH. Ana iya gina shi a COMSOL, Abaqus ko FEniCS.

Abubuwa huɗu za su cece ka daga kwanakin neman kuskure. Kada ka fara daga busasshiyar folima, domin a φ = 1 logarizim ɗin ya fashe; fara daga jel da ya riga ya kumbura ya daidaita. Canja yanayin waje a hankali cikin ɗan lokaci, ba da tsalle ɗaya ba. Ba motsin raga gutsattsari masu daraja ta biyu, ƙarfin sinadarin ruwa kuma daraja ta ɗaya, in ba haka ba za ka ga matsi yana rawa a daƙiƙun farko. Na huɗu, ba lallai ne ka warware ƙa'idar Poisson ta filin lantarki ba. Tsawon Debye, wato nisan da tasirin caji ke kaiwa a ruwan gishiri, a 150 mM bai kai nanomita ɗaya ba, kusan 0.8 ne, jel mai maikiromita 100 ya fi shi sau dubu ɗari. Ɗauka cewa caji ya daidaita a ko'ina, ka yi amfani da Nernst da Planck don tafiyar ayon, ka sa tsallen Donnan a bakin iyaka.

Kafin ka yarda da kowane hoto mai launi da manhajar ta fitar, ba ta ƙwallo sakakke da shimfiɗe manne da alƙaluman misalinmu. Idan ba ta dawo da 0.035, 0.026 da 0.041 ba, akwai kuskure a shigarwarka.

Mataki na 9: Sa lissafin ya yi hasashe, sannan ka nemi abin da zai ruɗe shi

Daskarar da duk alƙaluman da ka auna. Rubuta hasashen yanayin da ba ka taɓa gwadawa ba, misali gishiri 100 mM maimakon 150, ko rabin kauri, ka sa kwanan wata, sannan ka je ka auna. Idan sun saɓa, kada ka murɗa χ don su dace. Nemo abin da ka bari a waje: kalsiyam mai caji biyu da ke ɗaure rukunan kaboksil, furotin da suka lulluɓe fuskar jel, ko kuma χ da ke canjawa bayan sukari ya manne wa sarƙa.

Daga nan sai ka girgiza kowane yanayi ɗaya bayan ɗaya, ka mai da sakamakon zuwa kuskuren karatun sukari. Furuktos, sukarin 'ya'yan itace, yana shiga a matsayin ƙarin ɓangare a cikin bakan (1 + K × G), kuma a pH 7.4 yana kama boron tsura da ƙarfin kusan 160, sau talatin da biyar fiye da gulukos. Laktet ma yana kamawa. Amma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne pH. Koma kan a na Mataki na 5. Hawan pH da 0.1 yana ninka a sau 1.26. Ga mai sukari 5 mM, (1 + K × G) 1.55 ne, sai ya zama tamkar 1.95, wanda na'urar za ta fassara a matsayin 8.6 mM. Faɗin zangon pH na jinin mai lafiya, 7.35 zuwa 7.45, daidai 0.1 ɗin nan ne, kuma na marar lafiya yana fita daga zangon.

Maganin da za ka gwada a lissafi shi ne jel na biyu a gefen na farko, mai raga da kauri iri ɗaya, mai rukunin asid da pKa ɗinsa ke kusa da na boron amma ba ya kama sukari. Yanzu kana da karatu biyu da abubuwa biyu da ba a sani ba, pH da G. Warware su tare, sannan ka zuba wa karatun biyu irin hayaniyar da na'urarka ke da ita, nanomita ɗaya ko biyu idan launi ne, ka maimaita sau dubu, ka ga faɗin kuskuren G a 3 mM, a 5, da a 20. Idan gishiri ma yana yawo a samfurinka, ƙara jel na uku mai cajin da ba ya jin pH, ka sake gudanar da lissafin da abubuwa uku.